Kunkurun da na saya wa yaro ya girma ya dame mu: in kai shi rafi in sake?

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, a gidan haya mai jama'a da yawa. Shekara uku da suka wuce na saya wa yarona 'yan kunkuru biyu a wurin masu sayar da kifin ado, lokacin kowanne bai wuce murfin kwalba ba. Suna da jan zane a gefen kai. Yanzu ɗaya ya kusa cika ƙaramin faranti, ruwansu yana wari, har ya ciji yaron. Ga shi maiɗakina ta haihu wata biyu ke nan, kuma 'yarmu ta tsakiya tana da sikila. Hajiyarmu ta ce tsare su alhaki ne, in kai su rafi ko madatsar Owabi in sake su. Wani abokina kuma ya ce suna ɗauke da cuta. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa yarinyar lafiya. Abu biyu kake son sani, ko zaman dabbobin nan a gidanka haɗari ne ga yara, da kuma ko sakinsu a ruwa zai raba ka da matsalar. Abokinka ya faɗi gaskiya. Hajiya ma ta faɗi gaskiya cewa ba a barin dabba cikin wahala, sai dai hanyar da ta nuna ba ta ɓullewa. Gidanka a yadda ka kwatanta shi bai dace da su ba, rafi kuwa ya fi rashin dacewa. Bari in bi maganar daki-daki don ka samu abin da za ka yi wa Hajiya bayani da shi.

Fara da sanin wanda ke hannunka

Ban ga dabbobin da idona ba, don haka ka duba da kanka. Jan zanen da ka ambata a bayan ido, in ya haɗu da layukan rawaya a wuya da ƙafafu, alama ce ta kunkurun ruwa na Amurka mai jan kunne, wanda masana ke kira Trachemys scripta elegans. Ka rubuta sunan ka ajiye, zai yi maka amfani in ka je wurin hukuma. Akwai wata alamar da ta fi zanen ƙarfi. Ka taɓa shi ka ga yadda yake ɓoye kai. Na Amurka yana janye kansa kai tsaye zuwa ciki. Kunkurun ruwa na gida, waɗanda ake tsinta a fadama da kududdufai da damina, suna lanƙwasa wuya ne gefe guda su kwantar da kai ƙarƙashin bakin ƙoƙon bayansu, kuma galibinsu baƙi ne ko ruwan ƙasa, babu ado. Wasunsu ma ƙirjinsu na da mahaɗa da ke rufewa ta gaba. Kififiya kuwa ba a rikita ta da kowa, bayanta fata ce mai laushi, ga dogon hanci. Na ja hankalinka kan wuyan ne saboda tsohon namijin mai jan kunne yakan yi baƙi, jan ya dushe, mutum ya ɗauka na gida ne.

Wanda ya fi girma a cikin naka mai yiwuwa mace ce. Matan sukan kai santimita 25 zuwa 30, mazan ba sa kaiwa nan, kuma ana gane namiji da dogayen faratan gaba da wutsiya mai kauri. In mace da namiji ne, ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda ya bar gida ya cika duniya

Asalinsa kwarin kogin Misisifi ne da kudancin Amurka har zuwa arewacin Meksiko. A can ba ya damun kowa, yana da masu cin ƙwansa da 'ya'yansa, ruwan ya san shi. Ciniki ne ya fitar da shi. Gonaki, musamman a jihar Luwiziyana, suka riƙa ƙyanƙyashe shi miliyoyi ana sayar wa yara da araha. A 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da duk kunkurun da bayansa bai kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10, saboda yawan yaran da ke kamuwa da cuta. Dokar ba ta hana fitar da shi waje ba, sai gonakin suka juya ga kasuwannin ƙetare. Tsakanin 1989 da 1997 kaɗai an fitar da fiye da miliyan 52.

Abin da ya same ka shi ya sami masu saye a ko'ina. Mai shago ba ya gaya maka cewa abin nan mai kamar kwabo zai iya shekara 20 zuwa 30 a raye. In ya girma ya fara wari da cizo, sai a kai shi tafki mafi kusa. Da haka ya kafu a kowace nahiya ban da Antatika. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 da suka fi ɓarna a duniya. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, a 2016 ta ƙara da hana sayarwa da kiwo don haihuwa da saki. Japan ta hana sayar da shi da sakinsa daga watan Yunin 2023, amma ta bar wanda ke da shi ya ci gaba da riƙewa, don kada tsoron doka ya sa mutane su kwashe su zuba a kogi dare ɗaya. Wannan dabarar ta burge ni.

Ga abin da ya sa nake ganin namu haɗarin ya fi na Turawa. A ƙasa kamar Ingila an saki da yawa, suna nan a tafkuna, amma sanyi kan hana ƙwansu ƙyanƙyashewa. Mu ba mu da wannan birkin. Ƙwan yana buƙatar ƙasa mai ɗumi na wata biyu zuwa uku, abin da Kumasi ke da shi kusan duk shekara. Zafin ramin ne ma ke yanke jinsi, in ya yi ƙasa da digiri 27 maza ake samu, in ya haura 30 mata. Mace na iya yin ƙwai sau da yawa a shekara, kowane zubi daga 'yan kaɗan har sama da 20, kuma tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta ta yi ta yin ƙwai mai rai bayan an raba su. Ke nan wanda ya ce "ai guda ɗaya kawai na saka" bai san ko nawa ya saka ba.

Abin da yake yi wa ruwan da ya shiga

Yana ƙarami nama ya fi ci: talibambam, 'ya'yan kifi, ƙwan kwaɗi, katantanwa, ƙwarin ruwa. In ya girma ya fi karkata ga ganye, amma ba ya barin naman. Ba ya tsani komai, kuma yana jure ruwa mai datti fiye da yawancin 'yan'uwansa.

Ɓarnar da aka fi tabbatarwa ita ce wadda yake yi wa kunkurun gida. Kunkurun ruwa dole ya hau kututture ko dutse ya sha rana, da haka yake narka abinci ya kashe cututtukan fata, ƙwan da ke cikin mace kuma ya ƙosa. Wuraren shan ranar ba su da yawa a kowane tafki. Mai jan kunne ya fi girma, ya fi tsiwa, ya fi saurin balaga, sai ya mamaye masu kyau. A Faransa, farkon shekarun 2000, an haɗa shi da kunkurun ƙasar a tafkunan gwaji, na gidan suka rame, mutuwarsu ta ƙaru. An kuma samu tsutsotsin jikinsa sun koma kan kunkurun Turai. Akwai rahotannin yana hawa sheƙar tsuntsayen ruwa ya danne ƙwai, amma hujjar wannan ba ta kai ta farkon ƙarfi ba, kuma ba na son in zuzuta maka abin da ya wuce yadda yake.

Yanzu ka dubi inda aka ce ka kai su. Rafin Aboabo da Subin da Sisa duk suna gangarawa ne cikin Oda, Oda ya shiga Offin, Offin ya shiga Pra. Abin da ka saka a bayan gida ambaliyar watan Yuni ɗaya ta isa ta raba shi da unguwa. Waɗannan kogunan kuwa galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da shara sun riga sun galabaitar da su, kuma kunkuru da kififiyar da suka rage ana kama su ana ci. Wani zai ce ai rafin Aboabo ya ƙazantu, ba za su rayu ba. To, ɗayan biyu ne. In ba su rayu ba, ka kashe su a hankali cikin ƙazanta, wannan ba tausayi ba ne. In sun rayu, ka shuka abin da nake tsoro.

Owabi ta fi muni. Gandu ne da doka ta keɓe wa namun daji, tun 1988 yana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, shi kaɗai ne a Ghana wanda ba a bakin teku yake ba, kuma gida ne ga tsuntsaye iri fiye da 100. Ruwa ne mai kwanciya, mai ciyayi, da gaɓa mai taushi, daidai abin da wannan kunkurun ke so. Ba na cewa zai gurɓata ruwan famfon da ake samu daga madatsar, domin ana tace ruwan a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya iso gari. Halittun wurin nake ji wa. Haka tafkin Bosomtwe, wanda ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, ga ƙauyukan da ke rayuwa da kifinsa. Duk abin da ya shiga can ya zauna ke nan.

Mu a ƙasar nan ba sai an ba mu labarin baƙon da ya fi ƙarfin masu gida ba. Kowane manomi ya san ciyawar Acheampong. Daga nahiyar Amurka ta fito ita ma, kuma yau babu mai maganar kawar da ita, sai dai a yi ta sara. Ƙasashen da kunkurun nan ya kafu suna kashe kuɗi shekara da shekaru suna ɗana tarko suna tono ƙwai, amma da wuya a ji inda aka ƙarar da shi a babban ruwa.

Maganar cuta, wadda ita ce ta gaggawa a gidanka

Ƙwayar cutar ana kiranta salmonela. Tana zaune a hanjin kunkuru ba tare da ta sa shi ciwo ba, tana fita a kashinsa. Tun da a cikin ruwan yake kashi, a ciki yake iyo, ƙwayar na kan bayansa, da ƙafafunsa, da robar, da duwatsun ciki, da duk inda ruwan ya fantsama. Ba sai ya ciji mutum ba. Cizon ma, in an wanke da sabulu an sa magani, yawanci ba ya zama komai. Hanyar cutar daga hannu ce zuwa baki. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta cewa 'yan kunkurun nan na jawo wa mutum kusan 280,000 ciwo a shekara a Amurka, yawancinsu yara, kuma shi ya kawo dokar 1975. An zaɓi inci 4 ne saboda abin da bai kai haka ba yaro na iya cusa shi a baki. Babban kunkuru ma yana ɗauke da ita.

Ga mai ƙoshin lafiya, abin yakan zo da zawo da zazzaɓi da murɗar ciki, daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan kamuwa, ya wuce cikin kwana 4 zuwa 7. Ba taifot ba ce, kodayake dangi ne, ita taifot daga mutum zuwa mutum take yawo. Amma akwai waɗanda ƙwayar kan tsallake hanjinsu ta shiga jini, kuma kana da biyu a ɗaki. Jariri na iya samunta a jini har ta kai ga sanƙarau, kuma ba sai ya taɓa dabbar ba, hannun yayansa ko na uwarsa ya isa. Mai sikila kuwa saifarta ba ta aiki yadda ya kamata, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa salmonela na cikin manyan masu kama ƙashin masu sikila, ciwon da kan ɗauki makonni ana magani kuma a farko ana iya ɗaukarsa ciwon ƙashin da aka saba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da tamowa su ma suna buɗe mata ƙofa. Shawarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ita ce kada a ajiye kunkuru a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ko dattijo daga 65, ko mai raunin garkuwar jiki. Ni ma a kan wannan nake.

A gidan haya abin ya wuce ɗakinka. Abin da na fi gani a aikina shi ne ana wanke robar kunkuru a bakin famfon da kowa ke wanke kwanuka, da soson da ake wanke kwanukan, a watsa ruwan a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ga kuma wani abu da mutane ba sa lura da shi. Yaro ya gama wasa da kunkuru, an kira salla, ya ɗauki buta ya ɗauraye hannu sau uku ya kai ruwa baki da wannan hannun. Alwala ta yi, amma ruwa zalla ba ya cire ƙwayar. Sai an fara da sabulu.

Sau da yawa ana tambayata ko akwai allura ko maganin da zan ba dabbar ta rabu da cutar. Babu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana danne ta ne na ɗan lokaci ta dawo, kuma gonakin da suka riƙa tsoma ƙwai cikin irin wannan maganin sun ƙare da ƙwayoyin da ba sa jin magani. Gwajin kashi ma ba ya wanke dabbar, domin ba kullum take fitar da ƙwayar ba. Kuma don adalci, ba na Amurka kaɗai ke ɗauke da ita ba. Kunkurun gida, da ƙadangaru, da kaji duk suna iya ɗauka. Bambancin shi ne ba wanda ke ajiye ƙadangare cikin robar ruwa a falo yara na sumbatarsa.

Ni likitan dabbobi ne, maganin yara ba hurumina ba ne. Abin da zan ce kawai, in jaririn ya yi zazzaɓi ko ya ƙi nono, ko mai sikilar ta yi zazzaɓi ko ciwon ƙashi da kumburi, a tafi asibiti ranar, kuma a gaya wa likita cewa akwai kunkuru a gida. Ba lallai ya tambaya ba, amma jin hakan na iya canza gwajin da zai rubuta. Kada a tsaya sayen kafso a kantin magani.

Maganar alhaki

Na san abin da Hajiya ke tunawa, hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Fatawa ta malamai ce. Abin da ke hannuna shi ne in faɗi abin da saki ke haifarwa, malami ya yi hukunci a kai. Kyanwa in an sake ta tana komawa inda ta sani. Wannan kuwa a gona aka ƙyanƙyashe shi, a roba ya girma, kuma sakinsa na cutar da wasu halittun da su ma suna da haƙƙi. Ka gaya mata cewa za ka fitar da su daga wahala, amma ta hannun waɗanda za su iya da su. Ina ganin za ta gamsu, domin tausayi ne ya sa ta magana.

Abin yi

Daga yau ka fitar da robar daga ɗaki zuwa wurin da yara ba sa kaiwa, ka rufe ta da raga mai nauyi, don suna hawa fiye da yadda ake zato kuma ruwan sama na iya cika ta su fice. Babba ɗaya ya riƙa kula da su, ba mai jego ba. Ya ware musu bokiti da soso nasu, ya zuba ruwan a masai, kada a kwata ko tsakar gida, ya wanke wurin da ruwan bilic, sannan ya wanke hannu da sabulu sosai.

Sai ka nemi Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, su ke kula da gidan zu na Kumasi da ke kusa da Kejetia. Ka je da hoto da sunan da na ba ka, ka ce kana son miƙa su. Ba zan yi maka alkawarin za su karɓa ba, wurin ajiya na da iyaka, amma su ne masu hurumin cewa ga inda za a kai. Ofishin likitocin dabbobi na gwamnati da makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar KNUST da ke nan Kumasi su ma wurin tambaya ne. Kada ka ajiye su a bakin ƙofar zu ka tafi.

In kuwa wani babba mai gida shi kaɗai, marar ƙananan yara, yana so, ka gaya masa gaskiya duka kafin ya karɓa. Babbar mace na buƙatar ruwa lita ɗaruruwa, da wurin hawa ta bushe, da rana ta gaske ba ta bayan gilashi ba, da ganye da kifi. Yawancin waɗanda ake kawo mini da kumburarren ido da laushin baya, burodi da shinkafa aka riƙa ba su a cikin duhu. Kada ka mayar wa mai shago ba tare da ka san abin da zai yi ba, kuma kada ka ba yaron maƙwabci, ka dai matsar da matsalar ƙofa ɗaya ne.

Batun mace da namiji, in haka ne a raba su. Macen za ta yi ƙwai ko da namiji ko babu, kuma in ba ta samu ƙasar da za ta tona ba ƙwan na iya maƙale mata ya kashe ta. A sa mata akwatin yashi mai danshi. Duk ƙwan da ta yi a tono a dafa shi a gwangwanin da ba na abinci ba, ko a fasa, a binne. Kada a bari ko ɗaya ya ƙyanƙyashe.

In duk ƙofofi sun rufe, abin da ya rage shi ne likitan dabbobi ya kashe su da allura. Ba daɗi, na sani, kuma ba na yin sa sai an rasa yadda za a yi. Amma kada ka gwada da kanka ta hanyar nutsarwa ko sa su a firiza ko yanka. Ƙwaƙwalwar kunkuru na jure rashin iska na dogon lokaci, yana iya daɗewa yana jin azaba bayan mutum ya ɗauka ya mutu. Likita yakan fara sa shi barci mai nauyi, sannan ya ba da allurar ƙarshe, ya kuma tabbatar zuciya ta tsaya kafin a binne shi a rami mai zurfi nesa da rijiya.